"Kaina ne ba ya yin shiru": abin da hoton ƙwaƙwalwa ke nunawa a matasa masu ciwon damuwa

Wata biyu da suka wuce Yayata ta kira ni da daddare, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Kai da kake karance-karancen nan, a ina ake hoton ƙwaƙwalwa ne? So nake a duba min 'yarka a ga ko wani abu ne ya taɓu a kanta." Ɗiyar fari ce shi ya sa ba ta kama suna. Yarinya 'yar shekara 16, tana SS2, wacce da in ta shigo gida sai ka toshe kunne saboda surutu, yanzu ta fi wata uku daga makaranta sai ɗaki, kitso sai an yi da gaske, abinci sai dai ta tsakura, in an yi mata magana ta hayayyaƙo, wayar ma da ake ta rigima da ita a kai tana can yashe kan gado ko caji babu. An yi addu'a, an yi faɗa, an yi lallashi. Da na je na zauna da ita na ce wai me ke damunki ne, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu wallahi ba komai, kaina ne kawai ba ya yin shiru."

Amsar da na ba Yaya gajeriya ce, babu wani hoto a duk duniya yau da za a ɗauka likita ya nuna da biro ya ce ga ciwon damuwar nan. Amma fa tambayarta ba ta shirme ba ce, don masu bincike sun fi shekara ashirin suna saka matasa irin 'yarta a na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta MRI, kuma sun ga abubuwa. Sai dai abin da suka gani ba wani waje ba ne da ya ruɓe ko ya mutu. Yadda sassan ƙwaƙwalwa ke jituwa da juna ne ya ɗan canza, kuma ɗan ɗin nan da na faɗa da gangan na faɗe shi, zan dawo kansa.

Sai an fara gane me ake aunawa tukuna. Ka ɗauka kana kan bene da daddare kana hango gari, sai ka lura duk sanda aka ɗauke wuta a wata unguwa, wata unguwar can nesa ita ma tana yin duhu, in an kawo tare suke samu. Ba ka ga waya ba, ba ka ga taransifoma ba, amma bayan kwana biyu kana kallo za ka ce waɗannan layinsu ɗaya. To kusan haka fMRI ke yi, wato nau'in MRI da ke bin aikin ƙwaƙwalwa ba siffarta ba. Ita ba ta ganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aiki, jini take bi, duk inda aiki ya tashi jini mai oksijin yakan ƙaru a wajen bayan 'yan daƙiƙu, dabarar da Seiji Ogawa ya fito da ita a 1990. A 1995 wani ɗalibi a Wisconsin ta Amurka mai suna Bharat Biswal ya lura ko mutum na kwance ba ya motsa ko yatsa, ɓangaren da ke motsa hannun dama da wanda ke motsa na hagu suna hawa da sauka tare, a hankali, kamar sau ɗaya a daƙiƙa goma ko fiye. Da farko mutane da yawa sun ɗauka hayaniyar na'ura ce kawai ko bugun zuciya. Ashe ƙofa ya buɗe.

Yadda ake yi kuwa, za a cire wa yarinya duk wani ƙarfe, ɗan kunne, fil ɗin ɗankwali, komai, ta kwanta kan wani siririn gado, a toshe mata kunne saboda ƙarar na'urar kamar ana buga ƙarfe a maƙera, a tokare kanta da soso hagu da dama, a tura ta cikin bututu. Sai a ce kalli alamar nan da ke allo, kar ki yi barci, kar ki motsa, ki bar zuciyarki ta je inda ta ga dama. Minti biyar zuwa goma. Daga nan kwamfuta ta zauna lissafin wace unguwa ce ke samun wuta tare da wace.

Da aka tara irin wannan lissafi sai manyan layuka suka fito, masana na ce musu netwok. Guda uku ne suka fi shiga maganar damuwa. Na farko Marcus Raichle na jami'ar Washington da ke St. Louis ne ya raɗa masa suna a 2001, a taƙaice ana ce masa DMN, ni kuwa layin saƙe-saƙe zan kira shi, don shi ne ke kunnuwa in ba ka aikin komai, kana tuna abin da ya faru jiya, kana tunanin me wance take nufi da maganar da ta faɗa, kana auna kanka, kana saƙa wannan ka kwance wancan. Da ka ɗauki wani aiki mai buƙatar hankali sai ya yi ƙasa, layi na biyu ya karɓa, wato layin maida hankali, wanda ya haɗa gefen gaban ƙwaƙwalwa da wani waje can sama ta baya, shi ke riƙe lissafi da tsari da danne zuciya. Na uku William Seeley da abokan aikinsa suka bayyana shi a 2007, cibiyarsa wani sashe mai suna insula da gaban wani lanƙwasasshen waje da ake kira singulet, aikinsa kamar ɗan sanda mai ba da hannu ne a mararraba, shi ke cewa wannan abin da ya shigo yanzu, ko daga waje ko daga cikin jiki, yana da muhimmanci, a tsayar da saƙe-saƙe a ba aiki hanya. Zan kira shi layin ankararwa.

Me ya sa matasa musamman? Saboda a shekarun nan ne ake sake wayarin ɗin gidan alhali mutane na ciki. Ƙwaƙwalwa na sassabe mahaɗan da ba a amfani da su, tana naɗe manyan wayoyin da wani farin kitse don saƙo ya yi sauri, kuma hotunan da ƙungiyar Jay Giedd ta yi ta ɗaukar yara guda shekara bayan shekara sun nuna aikin daga baya yake tahowa gaba, goshi ne ƙarshe, sai mutum ya haura ashirin da 'yan kai. Su kuwa sassan tsoro da sha'awa da jin daɗi da ke can ciki, balaga na zuwa suke tashi da ƙarfinsu. A daidai nan ne ciwon damuwa ke fara yawa, kuma wani abin lura, kafin balaga maza da mata kusan kunnen doki suke, daga wajen shekara 13 sai mata su fara wucewa har su kai ninki biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce cikin duk yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata lalurar da ta shafi tunani.

Yanzu abin da aka gani. A 2015 Tiffany Ho da Tony Yang a Kalifoniya suka saka matasa masu damuwa da ba sa shan magani a na'ura, suka ba su aikin kallon fuskoki su gane yanayinsu, sannan suka auna su a hutu. A masu lafiya layin saƙe-saƙe yakan sassauta in aiki ya zo, a masu damuwa kuwa ya ƙi sauka, aiki ko hutu yana nan a ɗaure. Lokacin da na karanta wannan, maganar 'yar Yaya ce ta faɗo min, kaina ba ya yin shiru. Malami na gaban allo yana bayani, ita tana can ana maimaita mata kaset ɗin ba ki da amfani, kin ba kowa kunya, kuma ba wai ba ta so ta saurara ba ne. Akwai kuma wani ɗan waje a ƙarƙashin gaban singulet da ake kira yanki na 25, wanda likita Helen Mayberg ta daɗe da ɗora wa ido a manya, shi yana da alaƙa da baƙin ciki, kuma bincike da yawa sun same shi ya manne wa layin saƙe-saƙe fiye da kima, kamar dai duk tunanin da mutum zai yi game da kansa sai an tsoma shi a ruwan ɗaci kafin a miƙo masa.

A Minnesota ita ma Kathryn Cullen a 2014 ta kwatanta matasa 41 masu damuwa da 29 masu lafiya, ta ga amigdala, ɗan ƙullin nan mai kula da tsoro da barazana, jituwarta da wajen ajiye tunawa ta ragu, da wani ɓangare na layin saƙe-saƙe kuma ta ƙaru.

Amma wanda ni ya fi gamsar da ni shi ne na jin daɗi, wataƙila don shi na gani da idona a wayar nan da aka bari ba caji. Akwai wani waje can tsakiya da ake kira sitirayatom, shi ke zabura in ana sa ran wani abu mai daɗi. Erika Forbes a Pittsburgh ta sa matasa wasan cankar kati a cikin na'ura, in ka canka daidai ka ci kuɗi, sai ta ga a masu damuwa wajen baya zabura kamar na sauran, sannan aka riƙa kiran yaran a waya suna gida ana tambayarsu yanzu ya kake ji, sai ga shi waɗanda wajen nasu ya fi sanyi su ne suka fi ƙarancin farin ciki a rayuwarsu ta yau da kullum. Wannan yara kaɗan ne, a 2009. Amma a 2015 Argyris Stringaris ya duba yara sama da 1,500 'yan shekara 14 daga Ingila da Ayalan da Faransa da Jamus a wani shiri mai suna IMAGEN, ya ga masu lafiyar da wajen nasu ke da sanyi sun fi shiga damuwa bayan shekara biyu. Wato sanyin ya riga ciwon zuwa. Don haka in yaron da ba ya wasa da ƙwallo ya daina fita fili, ba lallai natsuwa ce ta zo masa ba kamar yadda muke saurin cewa, wani lokacin ɗanɗanon ne ya tafi.

Sai 2024, Charles Lynch da Conor Liston na Weill Cornell a New York suka fitar da wani aiki a mujallar Nature da ya ja hankali sosai, saboda sun juya tsarin. Maimakon su ɗauki mutum ɗari sau ɗai-ɗai, sai suka fara da mutum shida masu damuwa suka yi ta ɗaukarsu sau da yawa, wasu har shekara ɗaya da rabi, don su zana taswirar kowa shi kaɗai. Sai suka ga layin ankararwa ya mamaye fili kusan ninki biyu na abin da yake ci a masu lafiya, ya ci iyakar gonakin maƙwabtansa. Suka sake samun haka a wasu tarin marasa lafiya. Faɗin nan ba ya raguwa in mutum ya ji sauƙi, ba ya ƙaruwa in ciwon ya tashi, yana nan yadda yake, abin da ke hawa da sauka tare da rashin jin daɗi shi ne ƙarfin jituwa tsakanin wasu sassan layin. Sannan suka leƙa rumbun ABCD, wani babban shiri na Amurka da ke bin yara kusan 11,800 tun suna shekara 9 zuwa 10 a cibiyoyi 21, suka zaƙulo yara 57 da lafiyarsu ƙalau lokacin da aka yi musu hoto amma damuwa ta kama su a shekara 13 ko 14. Nasu layin ma ya riga ya fi na sauran faɗi tun kafin komai ya bayyana. A fahimtata wannan ya fi kama da gidan da aka gina a kwari, ginin ba shi ne ambaliya ba, amma in ruwa ya zo shi zai fara ci.

Kuma kar wani ya ce tunda a ƙwaƙwalwa ne to halitta ce kawai, ba ruwan abin da aka yi wa yaro. Dylan Gee da Nim Tottenham sun nuna a 2013 cewa yaran da suka fara rayuwa a gidan marayu ba uwa, jituwar amigdala da goshinsu takan koma irin ta manya tun kafin lokaci, kamar jiki ya ga ba mai kare shi ya yi gaggawar girma. Maraici, duka, gori, tsangwama a makaranta, rashin barci, duk a kan wayarin ɗin nan suke sauka.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk abin da na lissafa a sama, banda kaɗan, bambancin matsakaici ne tsakanin rukuni da rukuni, kuma siriri ne ƙwarai. Kamar ka ce mutanen wani gari sun fi na wani gari tsawo da rabin yatsa, wataƙila gaskiya ne in ka auna dubu, amma a kawo maka mutum ɗaya a ce daga tsawonsa faɗi garinsu, sai dai ka yi canki-canka. A 2022 Nils Winter da abokansa a Jamus suka gwada wannan da manya kusan 1,800, masu damuwa da masu lafiya, suka ga da kowane ma'aunin hoto ɗaya ka ɗauka, abin da za ka iya canka daidai bai wuce kashi 54 zuwa 56 cikin ɗari ba. Wanda ya jefa kwabo sama yana da kashi 50. A shekarar dai Scott Marek da Brenden Tervo-Clemmens suka tada ƙura da suka nuna cewa in ana so a danganta hoton ƙwaƙwalwa da halin mutum kuma sakamakon ya maimaitu, dubban mutane ake buƙata, alhali yawancin binciken da aka saba yi a fannin mutum 25 ne ko kusa da haka. Ka koma ka duba lambobin da na kawo, 41 da 29, ka ga inda matsalar take.

Har labarin layin saƙe-saƙen ma bai tsira ba. Roselinde Kaiser ta tattara bincike da dama a 2015 ta ce jituwarsa ta ƙaru a masu damuwa, na maida hankali kuma ta ragu, kowa ya ce madalla ya yi daidai da hankali. Sai a 2019 masu bincike a Chaina suka haɗa marasa lafiya 1,300 da masu lafiya 1,128 daga ƙungiyoyi 25, suka samu akasin haka, raguwa ta yi, kuma a waɗanda ciwon ke yi wa tafi-ka-dawo aka fi ganinta, ba a waɗanda ya fara kamawa ba su sha magani ba. Yana iya yiwuwa duka biyun da gaskiyarsu, farkon ciwo daban, bayan shekaru da magani daban, matashi daban, babba daban. Yana kuma iya yiwuwa abin da muke kira ciwon damuwa ba ciwo ɗaya ba ne, an dai zuba su a buhu guda. An taɓa fito da rabe-rabe huɗu a 2017 bisa hoton, wasu suka gwada a nasu marasa lafiyan bai fito ba.

Akwai ma wata matsala mai ban dariya, motsi. Jonathan Power ya nuna a 2012 cewa kai ya gusa ko da ƙasa da milimita ɗaya ne, lissafin zai nuna kamar sassan da ke nesa da juna sun rage jituwa, na kusa sun ƙara. Wa ya fi motsi a cikin bututun? Yara, da masu zulumi. Wasu abubuwan da aka yi ta murnar an gano game da yadda ƙwaƙwalwar yara ke girma sai da aka koma aka sake lissafi. Sannan kusan duk kawunan da aka auna na Amurka ne da Turai da Chaina. Akwai wani shiri mai suna IDEA na gano damuwa da wuri a matasa da Najeriya ke ciki tare da Burazil da Nepal da Birtaniya, an gwada ma'aunin haɗarinsu a kan ɗaliban Legas, amma da tambayoyi, hoton ƙwaƙwalwar a Burazil aka yi shi.

Shin duk wahalar nan ta haifar da wani abu a hannu? Ta fara. Akwai magani da ake kira TMS, wata na'ura ce mai maganaɗisu da ake ɗora wa a gefen goshi tana bugun ƙwaƙwalwa daga waje ba tiyata, kuma Michael Fox ya nuna a 2012 cewa ya fi aiki in an saita shi a wajen da ke da jituwar akasi da yanki na 25 ɗin nan, in wannan ya hau wancan ya sauka. Ka ga nan taswirar ta yi rana. A 2024 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince a yi wa 'yan shekara 15 zuwa 21 a matsayin ƙari kan wani magani, duk da cewa ni ina ɗari-ɗari, don babban gwajin da aka yi da matasa wajen ɗari, aka yi wa rabi na gaske rabi na bogi, bai nuna bambanci ba. Abin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa har yanzu tsohon gwajin TADS ne na 2004, matasa 439 'yan shekara 12 zuwa 17, bayan sati 12 waɗanda aka haɗa wa maganin fluoxetine da zaman gyaran tunani na CBT kashi 71 suka samu sauƙi, magani kaɗai kashi 61, zaman kaɗai 43, ƙwayar bogi 35. A shekarar ne kuma FDA ta sa gargaɗi mai ƙarfi cewa irin waɗannan magunguna kan iya ƙara tunanin kashe kai a wasu matasa, musamman a farkon sha, don haka ba abin zuwa kyamis a saya ba ne don an ga sunansa a Facebook, sai likita ya rubuta kuma yana bibiya.

MRI ɗin da ake yi a asibitocinmu kuwa siffa take dubawa, ƙari ko zubar jini ko shanyewar wani ɓangare, kuma tana da ranarta, in akwai farfaɗiya ko ciwon kai mai tsanani da amai ko wani gefen jiki ya saki, likita da kansa zai tura. Na yaron da damuwa ce kawai ke damunsa yawanci tas zai fito, a kashe kuɗi masu yawa a dawo gida a ce ai ga shi lafiyarta ƙalau, iskanci ne ko aljanu, wanda wannan shi na fi ji wa tsoro a tafiyar da Yaya ta so yi.

Ƙarshenta sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na wani asibiti muka je, bayan na sha fama da Yaya a kan ita 'yarta ba mahaukaciya ba ce kuma kar dangin uba su ji. Likitar ta fi minti arba'in tana tambayoyi, barci, abinci, tun yaushe, ya wuce sati biyu ko, me take so da da yanzu ba ta so. Can ta ce, "Hajiya ku ɗan ba mu wuri ke da Kawunta," muka fito baranda muka zauna kan benci. Daga baya na ji a nan ne ta tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin gara ta mutu, kuma amsar ba a'a ba ce. Aka rubuta gwajin jini don a duba ƙarancin jini da sinadarin maƙoshi, aka sa ranar dawowa, aka ba ta wani ɗan aiki, kullum ta yi abu ɗaya da take so da, ko ba ta jin yi, ta rubuta a littafi yadda ta ji kafin da bayan.

A mota Yaya sai mita take, "Wai ko hoto ba su yi ba, surutu kawai." Yau sati shida ke nan, akwai ranakun da har yanzu ba ta fitowa daga ɗaki, littafin ma ta tsallake shafuka da yawa. Shekaranjiya dai da yamma sai ga filashin daga lambarta, na kira, ta ce Kawu don Allah a sa min data.